Santsin Gidanmu na Nukkai

Ni mai tayil ne, kuma ba na jin kunyar cewa a Jalingo kaf ba a fi mutum uku da za su ja da ni ba. Maigidan da ya koya min aiki, wani Bazazzage mai zafin rai, gwajinsa ɗaya ne. In ka gama shimfiɗa sai ya durƙusa ya ja farcensa a mahaɗar tayil biyu. In farcen ya maƙale, ka fasa ka sake. Shekara shida na yi a hannunsa, har na kai matsayin da farce ke wucewa a kan aikina kamar a kan madubi. Da wannan nake tinƙaho, da shi kuma na kusa rasa matata.

Raliya na fara gani a Mayo Gwoi, lokacin da muke aikin wani shago. Mahaifiyarta, Inna Uwani mai kunun gyaɗa, ta yarje mana mu riƙa ɗiban ruwa a rijiyar gidanta. Ina cikin jan guga sai ga wata budurwa ta fito daga kicin da tukunya tana tururi, tana tafiya da sauri, ta zagaye bishiyar mangwaro ba tare da ta rage gudu ba, ta tsallake kwata, ta dire tukunyar daidai gaban uwarta. Gwiwar hannunta ta hagu kawai na ga tana shafar bango tana wucewa. Sai da na kwana uku ina zuwa gidan, zuciyata ta riga ta tafi, sannan na san ba ta gani. Zazzaɓi mai zafi ne ya ɗauke mata ido tana shekara goma sha biyar.

Ranar da aka sa mana rana na yi wa kaina alkawari: a gidana babu abin da zai taɓa Raliya. Ina da ɗan fili a Nukkai, na tayar da ɗaki biyu da falo. Na zaɓo farin tayil manya, iri ɗaya, na shimfiɗa tun daga ƙofar shiga har banɗaki. Na manna shi a bangon kicin da na lungun da ke tsakanin ɗakuna har zuwa kafaɗa. Na cire dokin ƙofa ko'ina don kada ta yi tuntuɓe. Tsakar gidan ma na daidaita shi da falo, babu hawa babu sauka. Abokaina suka zo gani suka ce wannan ba gida ba ne, faranti ne. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Da aka kawo ta, ta cire takalmi ta taka, ta ce, "Kai, sanyi!" Ta yi dariya, ta miƙa hannu ta shafa bango. Ta matsa gaba ta sake shafawa. Ta ƙara matsawa.

"Injiniya," ta ce, don haka take kirana in tana son tsokana, "ina ne nan?"

"Falo mana."

"Can ɗin fa da na baro?"

"Shi ma falo ne."

"To ina ƙofar?"

Na ɗauka wasa take. Na kama hannunta na kai ta, ina jin kaina kamar wani gwarzo.

Kafin wata ya cika, matar da na gani tana gudu da tukunya mai zafi ta koma mai tafiya kamar tsohuwa, hannu biyu a gaba, kafaɗu a ɗage. Ƙwaurinta ya cika da tabo. Ta bar girki sai in ina nan. In na dawo aiki sai in same ta a bakin gado, daidai inda na bar ta da safe, ta rungume matashi. Daga nan ta fara cewa in sauke ta gidan Inna kafin in wuce aiki, in biya in ɗauke ta da yamma. Na ce kewar gida ce ta amare, za ta wuce.

Wata Talata a tsakiyar damina muka tashi aiki da wuri don siminti ya ƙare. La'asar ba ta yi ba na isa Mayo Gwoi. Tun daga zaure na jiyo dariyarta, irin wadda ke fitowa daga ciki, wadda ban taɓa ji a Nukkai ba ko sau ɗaya. Na tsaya cak.

Ruwan daren jiya ya zubar da wani ɓangare na bangon kicin. Wani dogon mutum baƙi, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana yaɓe wurin da cokalin gini. Na san shi sama-sama: Peter, ɗan maƙwabtansu, ɗan ƙabilar Mumuye da Hausarsa ba ta raba mace da namiji, magini irin na unguwa, wanda ko rantsuwa aka ba ni zan ce bai taɓa riƙe lebur, ma'aunin daidaiton gini, ba. Raliya na tsaye gefensa, tafin hannunta a kan ɗanyen yaɓen.

"Hamma Peter, ka yi ha'inci a nan," ta ce, da yake Hamma take ce masa, wato yaya. "Sauri kake yi. Da can cokalinka juyawa yake hagu kamar wutsiyar kifi. Yau ka ja shi kawai ka wuce."

Peter ya ajiye cokali ya riƙe kai. "Inna, ka gani ko? Mai ido bai kama ni ba, shi ya kama ni! Wannan yarinya, wallahi ko gomnati ya ɗauke shi aikin duba kwangila, ɓarayi sun shiga uku."

"Gyara dai, surutu ba zai tsayar da bango ba."

"To ranka ya daɗe, na gyara."

Ta sake yin dariyar nan. Sannan ta juya, ta tafi rijiya da sauri, ƙugunta na kaɗawa, bayan yatsunta na bin bango. A ranar na lura da abin da na yi shekara biyu ina kallo ban gani ba. A jikin bangon, daidai tsayin ƙugunta, an binne marafan kwalba a jere, sun yi baƙi sun yi sheƙi saboda shafa. Kusa da kicin suna matse da juna, suna nisantar juna in an doshi ɗakin Inna. Taku uku kafin rijiya an zuba tsakuwa cikin siminti. Dokin kowace ƙofa da tsayinsa daban.

Na yi sallama da muryar da ni kaina ban gane ba.

"Oga Injiniya!" Peter ya washe baki. "Hannuna da laka, karɓi gwiwa." Ya miƙo min gwiwar hannunsa. Na taɓa ta kamar mai taɓa garwashi.

Inna ta ba ni kujera da kofin kunu. Na tambaye ta, kamar ba komai, wa ya yi waɗannan marafan.

"Ai Peter ne, Allah ya yi masa albarka. Shekarar da idon ya tafi, wata biyar yarinyar nan ba ta fito ɗaki ba. Shi ya riƙa tsinto marafan lemo a shagon babansa. Gidan nan kaf babu inda hannunsa bai taɓa ba."

Babu inda hannunsa bai taɓa ba. Kuma babu inda hannunta bai bi ba, safe da yamma, shekara tara. Na kalli bangon nan mai karkata, mai ƙuraje kamar fuskar saurayi, na ajiye kofin kunun. Wato duk tafiyar nan da ta sace min zuciya a bakin rijiya, wannan mutumin ne ya rubuta ta a bango, ita tana karantawa da jikinta.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gida. Muka haye gada, ruwan kogi ya yi ja ya cika, mai keke na ta zuba labarin ambaliya, ni ina kallon hannunta da ke kan cinyarta. Akwai sauran busasshiyar laka a gefen farcenta.

Muna shiga gida na ce, "Ki wanke hannunki."

"Na wanke."

"Bai fita ba."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Muntasir, me aka yi?"

"Yaya aka yi kika san cokalinsa na juyawa hagu?"

Ta saki ɗan murmushi, wanda ya fi min zagi ciwo. "Au, labe ka yi?"

"Tambayarki na yi. Kin san hannunsa a laka. Nawa fa? Wata goma sha huɗu na yi a durƙushe a gidan nan, gwiwoyina har yau ba su warke ba. Kin taɓa shafa wani wuri kin ce nan hannun mijina ne?"

"A ina zan same shi?" ta ce a hankali. "Na nema. Wallahi na nema, tun ranar farko. Na bi bangon nan da yatsa kamar mai tsintar shinkafa. Ba ka bar komai ba."

"Don na iya aiki ne! Shi kuma bai iya ba!"

"To."

Wannan "to" ɗin ya ƙarasa ni. Na ce daga yau ba ta sake zuwa Mayo Gwoi sai da ni, kuma in dai wancan mai lakar na gidan, ko da ni ba ta zuwa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu biyu a gaba ta nufi ɗaki, ta bugi bango da kafaɗa, ta gyara ta shige. Na ji ƙarar bugun a ƙirjina, amma ban tashi ba.

Kwana uku ta yi a gida. Ran Juma'a na dawo masallaci na samu butar shayi a ƙasa, ruwa ya malale a farin tayil ba a ko ganinsa, ita kuma tana zaune a tsakiyar kicin ta riƙe ƙafarta ta dama. Bayan ƙafar ya tashi ya yi ja. Ta nemi teburin girki ne ta ajiye butar, ta sake ta a iska.

Ina shafa mata magani, tana cewa in bi a hankali. Da na gama ta ce, "Zauna, zan yi maka magana, kuma kada ka katse ni. Juma'a mai zuwa zan koma gidan Inna da zama. Ba yaji ba ne, ban ce ka sake ni ba. Ka riƙa zuwa can kana ganina. Amma a nan ba zan iya ba."

"Saboda shi."

"Saboda ni. A gidan Inna na san inda ƙafata take, na san inda kafaɗata ta ƙare. In na taka tsakuwa, cinyoyina sun san rijiya ta kusa tun kafin kaina ya sani. A nan kuwa, in na tsaya a falo, sai in ji kamar an zuba ni a tire. Ban san girmana ba. Wani lokaci sai na mintsini hannuna in tabbatar ina nan. Sau biyu aka ɗauke min ido, Muntasir. Na biyun kai ka yi, da kuɗinka, da soyayya."

Na fita tsakar gida na zauna a kan bulo, na yi kuka kamar yaro.

Washegari wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Peter ne. Inna ta faɗa masa zancen ƙunar.

"Oga, yi haƙuri na kira. In ka yarda, ranar Lahadi bayan coci ni zo da kaya, awa biyu kawai, ni sa masa alama a bango. Ba kuɗi. Ƙanwana ne."

"Na gode," na ce. "Gidana ba ya buƙatar gyara."

Na kashe wayar. Ya shigo gidana? Ya sa hannu a bangon ɗakin da nake kwana da matata, ita kuma ta riƙa bin sawun yatsunsa zuwa gadona? Gara a rushe gidan.

Amma Juma'a na matsowa. Don haka ran Lahadi da safe na zagaya shagunan Nukkai na tara marafan lemo cike da leda, ina jin kunya kamar ɓarawo. Na sayi gam mai ƙarfi. Na ɗauko lebur, na ja layi a bango, na manna su tun daga ɗaki har kicin, tsakanin kowane biyu taƙi ɗaya cif. Da na gama na ja baya na duba. Ko soja ba su kai su tsayuwa a layi ba. Na ce a raina, to ga yadda ake yi, mai laka.

Na kamo ta tana ɗingishi. "Taɓa ki ji."

Ta shafa daidai ƙugunta, ba komai. Ta yi sama, ta ƙara yin sama, sai da hannunta ya kai saitin kunnenta ta same su. Ta bi uku, huɗu, biyar. Leɓenta ya fara rawa, na ɗauka kukan daɗi ne. Ashe dariya take dannewa.

"Injiniya, wa ka yi wa wannan? Raƙumi?"

"Daidai hannu na sa su."

"Hannun wa? Kuma duk tazararsu ɗaya. Ta yaya zan san na kusa kicin ko na kusa banɗaki? Ka kwaikwayi Hamma Peter, kwaikwayon ma ka goge shi da dutsen guga."

Sunan nan a bakinta, a cikin gidana, a gaban aikina. Na fizgi marfi ɗaya na yi jifa da shi, ya yi ta ƙara a kan tayil. "To ki tafi wurinsa! Tunda shi ya san tsayin ƙugunki!"

Dariyar ta ɗauke. Sannan ta warware gyalenta ta ce, "Zo nan. Sunkuyo."

Ban san me ya sa na bi ba. Ta ninka gyalen ta ɗaure min ido tamau, yana ƙamshin turarenta. Ta ja ni tsakiyar falo, ta juya ni sau uku, ta sake ni.

"Gidanka ne, kai ka gina. Je ka ɗebo min ruwa a kicin."

Na san falon nan tayil goma ne a tsaye, takwas a kwance. Ni na yanka kowanne. Na ɗaga ƙafa da ƙarfin gwiwa, na taka, na sake takawa. Ƙasa ba ta ce min komai ba. Taku na biyar daidai yake da na farko, sanyi ɗaya, santsi ɗaya. Na miƙa hannu, iska. Sai na ji hannuwan nawa sun yi tsawo, sun yi nisa da ni, kamar na wani aka ara min. Na fara jan ƙafa. Da na samu bango na rungume shi kamar ɗan'uwa, na bi shi, na bi shi, shi kuma yana ta zamewa a ƙarƙashin tafina, ko'ina fuska ɗaya. Na samu wata ƙofa na shiga da murna, na laluba, hannuna ya faɗa cikin bokitin wanka.

"Banɗaki kake," ta ce daga nesa. Muryar ta daki bango ta dawo ta ko'ina, ban ma san ta wace kusurwa take ba.

Na tsaya a wurin, zufa na bin bayana. Minti nawa na yi? Bai fi biyar ba. Ita wata biyu.

Na ji tafin ƙafarta na matsowa a hankali, sai hannunta ya sauka a bayana, tsakanin kafaɗu. A take jikina ya dawo, na san inda nake tsaye, na san faɗina. Ban cire gyalen ba. Na fi son in yi tambayar ba tare da na ga fuskarta ba.

"Kin so shi?"

"Ina shekara sha shida, ya fitar da ni daga ɗaki. Wace yarinya ce ba za ta so shi ba? Na so shi shekara guda, ni kaɗai, shi bai ma sani ba, yana can yana bin Jemima da ya aura. Ya wuce."

Na ji kamar an soka min ƙusa, amma ƙusar gaskiya ce, ta fi zargin da nake ta haɗiya sauƙi.

"To yaya aka yi ya san inda zai sa komai?"

"Bai sani ba. Zuwa ya yi ya zauna a bakin ƙofa ya ce, Raliya, ina hannunka yake kaiwa? Na nuna masa da kara, ya sa alama. Marafan nan sau uku yana cirewa ina cewa ba haka ba. Kai kuwa wata goma sha huɗu kana gina min gida, kana zuwa zance da tsire da turare, ba ka taɓa cewa zo ki taka ki ji ba. Ɓoye min ka yi, wai kada in sani sai ranar."

Na kwance gyalen. Hasken farin tayil ya soki idona. Na je na ɗauko injin yanka da guduma, na dawo na durƙusa a gabanta.

"Ina hannunki yake kaiwa?"

"Wannan tambayar wani ce. Nemo taka."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina zan fara fasawa?"

Ta kama wuyan hannuna, ta ja ni har ƙofar kicin bayan ta ɓata sau ɗaya, ta aza tafina a ƙasa. "Nan. Cire layi ɗaya, ka zuba siminti da yashi mai kaushi, kada ka goge. Ƙofar ɗaki kuma ina son katako, in ji ɗumi in na taka. Bango ba na son marafai, na gaji da su, suna yanke farce. Ka tsaga min layi da injin nan, ɗaya zuwa kicin, biyu zuwa banɗaki."

Na ɗaga guduma a kan tayil ɗin da na fi wahala a kansa. Na rufe ido na sauke. Ƙarar fashewarsa ta shiga har haƙorana. Raliya ta yi tsalle ta tafa, ta manta da ƙunar ƙafarta.

Kwana huɗu muna wannan aiki, ban je ko'ina ba. Gidan ya cika da farar ƙura, faranti ya koma abin da ba zan nuna wa abokin sana'a ba. Sau biyu ta sa na sake layin banɗaki. Ran Alhamis da hantsi ina wanke kayan aiki sai na ga ta fito daga ɗaki, ta taka katako, bayan yatsunta ya faɗa cikin tsagin bango, ta tafi kicin kai tsaye, kafaɗunta a sake. Ba gudu take ba, amma hannu ɗaya kawai ta miƙa. Na bi ta na tsaya a ƙofa, bakina ya ƙi yin shiru.

"Tsakani da Allah, nawa da nasa wanne ya fi?"

"Nasa," ta ce, ko jinkiri babu. "Nasa ya sha hannu shekara tara. Naka har yanzu cizo yake, ga nan wajen kwanar hannunka ya karkace, da alama haushi kake ji lokacin." Ta mayar da yatsa wurin ta sake shafawa, ta daɗe a kai. "Kada ka gyara shi."

Na ce, "Gobe Juma'a."

"Na sani. In ka sauko masallaci ka biya gidan Inna ka ɗauko min turmina da taɓarya. Yajin kanti ya ishe ni. Yana da nauyi fa, ka ce Hamma Peter ya kama maka zuwa bakin titi."

"Ni kaɗai zan ɗauka."

"Bayanka zai ƙage."

"Ya ƙage."

Ta girgiza kai tana murmushi, ta laluba ta ɗora tukunya a wuta.